Giyar Porto: wa ya yi noma, wa ya kwashi kuɗin?

Nura Porto
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar da ta wuce na hau jirgin ƙasa daga tashar São Bento da ke nan Porto, na bi gaɓar kogin Douro har wani ɗan gari da ake kira Pinhão. Tun da na zo Fotugal karatu nake jin ana kuranta wannan kwari, amma gani ya kori ji. Duwatsu ne masu gangara, an sassare su hawa-hawa kamar matakala tun daga bakin ruwa har ƙololuwa, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse da aka jera da hannu, kuma duk inabi ne a kai. Wanda ya taɓa ganin gonakin kan dutse na Gwoza ko Sukur zai gane abin da nake nufi, sai dai wannan ya miƙa tafiyar awanni.

Daga nan ake samo giyar nan mai zaƙi da duniya ta sani da sunan Port. Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ba a Porto ake noman inabin ba, gonakin suna can ciki, kimanin kilomita 100 daga birnin. Amma sunan Porto giyar take amsawa. Kuma in ka tsallaka gada zuwa Vila Nova de Gaia inda sito-siton ajiyarta suke, sunayen da aka rubuta da manyan baƙaƙe a rufin su ne Taylor, Graham, Sandeman, Croft, Cockburn. Sunayen mutanen Ingila da Sukotland ke nan. Manomi yana kan dutse, suna yana bakin teku. Ina son masana su warware mini yadda aka yi haka ta faru.

Malam Isiyaku
Wa alaikumus salam. Nura ɗana, duk abubuwan da ke Turai ka rasa wanda za ka kawo mana sai giya? Hadisi ya zo da la'ana a kan mutum goma game da ita, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Ban ga amfanin mu ɓata dare a kan wannan ba.

Hajiya Rabi, mai kula da zaure
Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce kuma babu mai ja da hukuncin. Amma zauren nan na tarihin kasuwanci ne. Watan jiya mun yi kwana uku a kan cinikin bayi a Bahar Maliya, ba wanda ya ce muna tallarsa. Sharaɗi ɗaya: ba talla, ba kwaɗaitarwa, kuma a tuna akwai waɗanda ba Musulmi ba a cikinmu. Nura, a ci gaba.

Jamilu Kurna
Yaya Nura dai ka faɗa mana gaskiya, kallo kawai ka yi? 😂

Nura Porto
Kallo da ruwan gora, Jamilu. Ka nemi wani abokin wasan.

Bulus Wusasa
Bari in fara da yadda ake yin abin, don na yi shekaru ina aikin otal kuma na san shi a kofi, ba a takarda kawai ba. Ruwan inabi in aka matse shi aka bari, yis ɗin da ke jikin ɓawon yakan cinye sukarin ya mayar da shi barasa, kamar dai yadda kunu ke juyawa in ya kwana biyu. In aka ƙyale shi ya gama aikinsa, zaƙin duk ya tafi, wannan ita ce giyar inabi ta gama-gari. Su mutanen Douro ba sa bari ya gama. Bayan kwana biyu zuwa uku, lokacin da kusan rabin sukarin ke nan, sai su kwarara masa wata barasa mai zafi da aka turaro daga inabi, mai ƙarfin kashi 77 cikin 100. Nan take yis ɗin ya mutu. Zaƙi ya tsaya inda yake, ƙarfin giyar kuma ya haura zuwa kashi 19 har 22. Awonsu sananne ne: lita 115 ta barasar a kan lita 435 ta ruwan inabin, shi ne ganga ɗaya mai lita 550, wadda suke kira pipa.

Shi ya sa ba a sha da yawa, ɗan ƙaramin kofi ne bayan cin abinci. Ɗanɗanonta kamar ka jiƙa zabibi da dabino. Wadda aka daɗe da ita a gangar katako, shekara 10 ko 20 ko 40, takan koma ruwan ƙasa-ƙasa, ita ake ce wa Tawny. Wadda ba ta daɗe ba ja ce wur, Ruby.

Har yanzu wasu gidajen da ƙafa suke tattake inabin, a wani kwarmin dutse mai zurfin gwiwa. Mutane su jeru kafaɗa da kafaɗa su yi ta taku awanni. Dalilinsu shi ne ƙafa tana fasa ɓawo ba ta fasa ƙwallon, wanda ɗaci gare shi.

Jamilu Kurna
Da ƙafa? Tir. Malam ka ji ƙarin hujja.

Dakta Larai
Nura, amsar tambayarka ba a gona take ba, a rigimar Ingila da Faransa take. Mutanen Ingila sun saba da giyar Bordeaux ta Faransa tun zamanin da. Da dangantaka ta yi tsami, majalisarsu ta hana shigo da kayan Faransa a 1678, daga baya kuma yaƙi ya biyo. Fatakensu da ke zaune a arewacin Fotugal suna sayar da ulu da busasshen kifi sai suka shiga neman madadi. Giyar bakin teku ta yi musu tsami da rauni, suka nausa cikin ƙasa har suka tarar da ta Douro, baƙa mai kauri. Matsalar ita ce hanya: a sauko da ita ta kogi, a ajiye, a ɗora a jirgi zuwa Landan, kafin ta isa ta lalace. Sai suka riƙa zuba mata 'yar barasa don ta jure tafiya. Ka ga asalin abin dabarar kare kaya ce, irin yadda mahaucinmu ya mayar da nama kilishi don ya kai inda ɗanye ba zai kai ba.

Sai 1703 aka ƙulla yarjejeniyar Methuen, da sunan jakadan Ingila John Methuen. Gajeruwa ce ƙwarai, sashe uku kacal. Fotugal za ta buɗe ƙofa ga yadin ulun Ingila, ita kuma Ingila za ta karɓi giyar Fotugal da kuɗin fito da ya gaza na giyar Faransa da kashi ɗaya cikin uku. Daga nan noman inabi ya mamaye Douro. Ni a ganina tarko ne aka shafa wa zuma. Fotugal tana da masaƙun ulu a Covilhã da aka fara rainonsu, yadin Ingila ya zo ya danne su. Giyar ba ta isa ta biya kuɗin yadin ba, sai zinaren da ake haƙowa a Minas Gerais ta Barazil ya riƙa cike giɓin. Ya sauka Lisbon, ya zarce Landan.

Bulus Wusasa
Dakta, da girmamawa, kin yi wa yarjejeniyar nauyin da ya fi ƙarfinta. Yadin Ingila yana shiga Fotugal tun kafin 1703, ta gaba da ta bayan fage. Kuma a lokacin Fotugal ƙaramar ƙasa ce da Sifaniya ta taɓa haɗiyewa shekara 60, daga 1580 zuwa 1640. Abin da take saye da gaske kariyar jiragen yaƙin Ingila ne. In ba don kasuwar Ingila ba, wa zai fasa waɗannan duwatsun da Nura ya gani? Ƙasar ba ta hatsin kirki. Su da kansu suna cewa kwarin wata tara hunturu ne, wata uku wutar jahannama.

Dakta Larai
Ban ce ba a samu komai ba, Malam Bulus. Tambayar Nura ita ce wa ya samu. Jirgi na Bature ɗan Ingila, sito nasa, bashin da manomi zai ci kafin kaka nasa, mai saye a Landan ɗan'uwansa. Manomi ba shi da wata ƙofa sai wannan. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Kuma abin da ke ba ni haushi, da wannan cinikin ne masanin tattalin arzikin Ingila David Ricardo ya kafa misalinsa a 1817, cewa Ingila ta tsaya kan saƙa, Fotugal ta tsaya kan giya, kowa ya riƙe abin da ya fi masa sauƙi, duka za su ci riba. Har gobe da shi muke koyar da ɗalibai 'yan aji ɗaya. Ni ma ina koyarwa, amma ina gama lissafin nake ce musu su duba inda ƙasashen biyu suka tsaya bayan shekara ɗari. Mai masaƙa ya ƙera injin tururi. Mai inabi yana nan yana taku da ƙafa. Mu da aka shimfiɗa wa dogo har Kano don gyaɗa da auduga su sauka Legas, atamfar Manchester ta hau, bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Malam Isiyaku
To wannan ɓangaren kam na fahimce shi. Mahaifina ya yi awon gyaɗa.

Nura Porto
Dakta, akwai abin da ya ɗaure mini kai. A bakin wata gona na ga wani dogon dutse da aka sassaƙa an kafa, an rubuta FEITORIA da shekara a jiki. Mai gonar ya ce mini na Pombal ne, yana faɗa yana alfahari kamar kakansa ne ya kafa. In 'yan Ingila ne ke riƙe da komai, shi wannan fa?

Dakta Larai
Nan ne labarin ya yi daɗi. Da kasuwa ta buɗe, kowa ya faɗa ciki, algus ya yi yawa. Ana kawo giya mara kyau daga wasu yankuna a gauraya, a zuba 'ya'yan wani itace da suke kira sabugueiro don ta yi baƙi, a ƙara sukari da kayan yaji. Mutanen Landan suka gane, farashi ya faɗi warwas a shekarun 1750. Fatake suka ce laifin manoma ne, manoma suka ce fatake ne ke neman a yi haka. Ana cikin wannan girgizar ƙasa ta rushe Lisbon ranar 1 ga Nuwamba 1755, mulki ya tattara a hannun waziri Sebastião José de Carvalho e Melo, wanda daga baya aka ba shi sarautar Pombal.

A 1756 ya kafa kamfani da izinin sarki, ya ba shi iko a kan giyar Douro. Aka shata iyakar yankin da duwatsu 335, irin wanda ka gani. Abin da ya fito daga wajen iyaka ba shi da izinin amsa sunan. Aka yi wa gonaki rajista, aka raba wadda giyarta ta isa fita waje da wadda sai dai a sha a gida, aka yanka farashi, aka hana zuba taki a gonar inabi don yana ƙara yawa yana rage kyau, aka ba da umarnin tumɓuke itatuwan sabugueiro a yankin. Wannan ne karo na farko da hukumar Fotugal ta tsaya tsakanin manomi da fatake.

Bulus Wusasa
Ki ƙarasa mana, Dakta. Kamfanin ya ƙwace cinikin giya a mashayun Porto, masu mashaya da talakawa suka yi bore a Fabrairun 1757, Pombal ya turo soja, aka yanke wa mutum fiye da 20 hukuncin kisa, har da mata. Sannan shi mai dokar, yana da gandu a Oeiras kusa da Lisbon, tafiyar kwanaki daga Douro, amma ya buɗe ƙofa kamfanin ya riƙa sayen giyar gandunsa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Kuma manyan masu gonaki ne suka cika kamfanin, su ne iyakar ta fi yi wa daɗi. Ƙaramin manomin da dutsen ya bari a waje fa? An canza masa ubangida ne kawai.

Dakta Larai
Ban wanke shi ba, azzalumi ne. Amma azzalumin ya bar abin da ya fi shi daɗewa. Ka cire iyakar nan ka gani ko sunan zai kai yau.

Aminu Zangon Kumasi
Ƙaramin gyara. Sau da yawa ana cewa Douro ne yanki na farko a duniya da aka shata wa iyaka. Chianti ta Italiya ta riga shi, 1716, haka ma Tokaj ta Hangare. Abin da Douro ya fi su shi ne an haɗa iyakar da hukuma mai bin doka gona-gona.

Elhaji Mamman Galmi
Salamu alaikum. Ni ban san giya ba kuma ba ni son in sani, amma wannan magana ta iyaka da suna ta taɓa ni, don ita muke ciki. Albasarmu ta Galmi, ja mai ruwan shuɗi, ta yi suna har Abidjan da Accra. Sai kowa ya zuba tasa a buhu ya ce ta Galmi ce. Har wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman ya yi rajistar irin da sunansa, sai da aka tashi tsaye. Yanzu hukumar OAPI, mai rajistar mallakar suna da fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar suna, kamar yadda ta yi wa barkonon Penja na Kamaru. Takarda ta samu. Amma wa zai tsaya a kasuwa ya buɗe buhu? Abin da na ji a labarin nan shi ne su sun kafa mai buɗe buhun.

Nura Porto
Elhaji, har yau yana nan. Hukumar da ke kula da ita yanzu ana kiranta IVDP, tushenta tun 1933. Tana da masu ɗanɗano da ɗakin gwaji, kuma kowace kwalba sai da hatiminta a jiki. Gonaki kuma an ba su maki tun ƙarshen shekarun 1940, daga A zuwa F, bisa tsayin wuri, irin ƙasa, gangara, irin inabi, shekarun itacen da inda gonar ta fuskanta. Makinka shi ke nuna yawan abin da za a yarda ka mayar Port a shekara. Wannan izinin suna kiransa benefício, kuma a bakin manoman da na zanta da su ba kalmar da ta fi ta fitowa.

Sani Kudan
Ni manomin inabi ne a nan Kudan ta jihar Kaduna, na ci muke yi, ba na matsa ba. Tambayata ta gona ce. Shekara 300 ana shuka abu ɗaya a wuri ɗaya, ciwo bai taɓa shiga ba? Mu nan damina kaɗai in ta yi nauyi farin ƙura ke kama ganye.

Bulus Wusasa
Ya shiga, Malam Sani, har ya kusa gamawa da su. Farin ƙurar da kake faɗa ya same su a shekarun 1850, suka samo maganinsa da farar wuta. Suna farfaɗowa sai ga wani ɗan ƙwaro daga Amurka, phylloxera, a shekarun 1860. Shi saiwa yake ci, kana ganin itace lafiya sai ya bushe. Gonaki suka mutu kwari-kwari, mutane suka watse, da yawa suka yi ƙaura Barazil. Maganin da ya yi aiki a ƙarshe kai ka fi ni saninsa: aure. Aka kawo saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, aka aura mata reshen inabin gida, irin su Touriga Nacional da Tinta Roriz, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Kusan duk inabin Turai yau a kan saiwar Amurka yake tsaye.

Nura Porto
Na ga shaidar wannan da idona. Akwai hawa-hawan da ba a sake shukawa ba tun lokacin, katangun na nan, ciyawa da zaitun sun cinye su. Mortórios suke ce musu, wato kamar makabarta.

Hajiya Rabi, mai kula da zaure
Duk labarin nan maza ne. Babu mace ko ɗaya?

Dakta Larai
Akwai, Hajiya, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa, don 'yar ƙasa ce ba baƙuwa ba. Dona Antónia Ferreira, an haife ta 1811, ta rasu 1896. Mijinta na fari ya mutu ya bar ta tana da shekara 33, ta karɓi ragamar gonaki ta zama mafi girman mai ƙasa a Douro. Lokacin annobar ƙwaron, da wasu ke sayar da gonaki da arha suna gudu, ita saye take tana sake shukawa, tana ba mutane aiki. Duke na Saldanha, wanda ke riƙe da gwamnati a lokacin, ya so ya aura wa ɗansa ƙaramar 'yarta don dukiyar, ta ɗauke yarinyar ta tsere da ita har Ingila. Mutanen kwarin Ferreirinha suke kiranta, irin sunan da ake yi wa wanda ake ƙauna.

Akwai kuma abokinta ɗan Ingila, Joseph James Forrester, wanda ya zana taswirar kogin har sarki ya ba shi sarautar baron. Shi a 1844 ya fito fili ya ce zuba barasar nan lalata giya ne, a daina. 'Yan'uwansa fatake suka yi masa ca. Ka ga ke nan har tsakiyar ƙarni na 19 ba a gama yarda cewa Port mai zaƙi ce ba. Kakar 1820 ce ta zo da inabi mai zaƙi ƙwarai, masu saye suka so ta, aka riƙa kwaikwayonta da tsayar da yis da wuri har ya zama al'ada. Forrester ya faɗi a muhawarar. A 1861 kwale-kwalensu ya kife a mashigar Cachão da Valeira, shi da Dona Antónia suna ciki. Ita ta tsira, shi ba a ga gawarsa ba. Ana ba da labarin wai ɗamarar zinaren da ke ƙugunsa ce ta ja shi ƙasa, ita kuma faffaɗan siket ɗinta ya tallafe ta a kan ruwa.

Jamilu Kurna
Wato kuɗi ya nutsar da namiji, zani ya ceci mace. Hajiya a rubuta wannan.

Aminu Zangon Kumasi
Kada a manta ba Port kaɗai ba ce. Tsibirin Madeira ma na Fotugal ne, kuma labarinsa ya fi kusa da mu. Da rake ya fara, da ƙwadagon bayi, sai da Barazil ta ƙwace kasuwar sukari ya koma inabi. Jiragen da ke zuwa Indiya da Amurka suna tsayawa can su yi lodi. Aka lura gangar da ta ratsa zafin teku ta dawo ta fi daɗi, sai suka koma dafa ta da gangan: a ɗumama ta kusan digiri 45 zuwa 50 na aƙalla wata uku, ko a bar ta a saman soro shekaru rana na gasa ta. Amurkawa na farko sun so ta ƙwarai. A 1768 jami'an fito na Ingila sun kama jirgin attajirin nan na Amurka John Hancock mai suna Liberty a Boston kan harajin giyar Madeira, aka yi tarzoma, shekara takwas kafin su ayyana 'yanci. Sannan ga wata giyar mai zaƙi, Moscatel ta Setúbal a kudu da Lisbon.

Mu da ke zaune kusa da ganuwar Elmina ta Gana, wadda Fotugal ta gina a 1482, mun san jiragen nan ba inabi kaɗai suka ɗauka ba. A Luanda ta Angola giyar Fotugal da barasar rake ta Barazil suna cikin kayan da aka riƙa musanya da mutane. In ana lissafin wanda ya biya kuɗin wannan arziki, a sa su a ciki.

Malam Isiyaku
Na ce ba zan sa baki ba, amma Bulus ya ambaci turara barasa, ya tuna mini wani abu. Tukunyar da ake wannan aiki Turawan can alambique suke ce mata, daga al-inbiƙ na Larabci. Masanan Musulmi sun yi amfani da ita wajen ruwan wardi da turare da magani. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran barasa da ita daga al-kuhl ta fito, kwallin nan da matanmu ke sa wa a ido. Kudancin ƙasar ma, Algarve, al-Garb ne, wato yamma, don Musulmi sun mulke shi ƙarnoni. Mu ma inabi da zabibi daga Larabci muka aro su. Kayan aiki ɗaya, wani ya yi turare, wani ya yi abin da ya yi. Ina nan kan bakata game da hukunci.

Bulus Wusasa
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan ban taɓa ji ba.

Dakta, komawa kan gardamarmu. Kin ce manomi ba shi da ƙofa sai ta fatake. Dokar da ta tilasta a fitar da Port ta Gaia kaɗai ba 'yan Ingila suka yi ta ba, gwamnatin Fotugal ce a 1926. Sai 1986, shekarar da ƙasar ta shiga tarayyar Turai, aka yarda mai gona ya sa a kwalba ya fitar daga gonarsa kai tsaye. Shekara 60 hukumar da kike yabo ce ta rufe masa ƙofa. Kuma yau wadda ta fi sayen Port da yawa Faransa ce, ba Ingila ba.

Dakta Larai
Wa ke da sito a Gaia a 1926? Doka ba daga sama take faɗowa ba, Malam Bulus, mai ƙarfi ne ke riƙe alƙalamin. Wannan hujjata ce ka kawo mini, ba taka ba.

Bulus Wusasa
To ashe dai hukumar ba tsakani ta tsaya ba.

Nura Porto
Bari in faɗa muku abin da na tarar yanzu, ku ɗora a kan gardamar. Tun 2001 UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya, jiragen 'yan yawon buɗe ido sun cika kogin, tsofaffin kwale-kwalen dakon ganga sun zama na ɗaukar hoto. Amma shan giya mai zaƙi yana raguwa, matasan Turai ba su damu da ita ba. Hukuma ta rage izinin daga ganga 104,000 a 2023 zuwa 90,000 a 2024. Manoman yankin kusan 20,000 ne, akasarinsu 'yan ƙananan gonaki, kuma izinin nan ne ke riƙe da su, domin inabin da aka saya da izini ya ninka wanda ba shi da shi a kuɗi. Sun yi zanga-zanga a garin Régua da ke cikin kwarin, wasu sun rasa mai sayen inabinsu gaba ɗaya. Wani ƙorafinsu ya ba ni mamaki: barasar da ake zubawa, wadda ta kai kashi ɗaya cikin biyar na kowace kwalba, yawanci daga wajen yankin ake sayo ta don ta fi arha, alhali nasu inabin na ruɓewa. Suna neman a tilasta turaro ta daga inabin Douro, kamfanoni na cewa tsada za ta kashe kasuwar. 'Ya'yan manoman sun tafi birni, masu tsinkar inabin da na gani da yawa 'yan Nepal da Indiya ne.

Elhaji Mamman Galmi
Wato ko da mai buɗe buhun, manomi yana kuka.

Dakta Larai
Yana kuka, amma yana da takardar da zai ɗaga a gaban hukuma da lambar gonarsa a jiki. Naka manomin me zai ɗaga?

Bulus Wusasa
Takardar da ake rage mata daraja duk shekara ba tare da an tambaye shi ba.

Hajiya Rabi, mai kula da zaure
Ku biyun nan ba za ku gama yau ba. Dare ya yi, zan bar zaren a buɗe zuwa gobe da la'asar.

Sani Kudan
Kafin a rufe. Nura, in ka sake hawa jirgin nan, don Allah ka ɗauko mini hoton inda aka yi auren a gindin itacen, kusa-kusa, da yadda suke ɗaure reshe a waya. Ka tambayi mai gonar wata nawa suke yin sassabe bayan kaka, da sunan saiwar da suke aurawa.

Nura Porto
In sha Allahu, Yaya Sani. Sati biyu masu zuwa zan je har Pocinho, ƙarshen layin. Ka turo mini hoton naka ganyen mai farin ƙura in nuna masa.